Bashin Da Ba Mu Ci Ba: Shirun Nan Ya Isa Haka

Akwai wata magana da ta daɗe tana damun jama'a a ƙasar Toranke da sauran ƙauyukan Ajingi da Gaya, amma ba a cika tayar da ita a taron dattawa ba, ba a kuma kawo ta a taron Zumuntar Mata, domin kowa yana ganin abin kunya ne. Maganar ita ce ta mutumin da zai tafi banki neman rancen taki ko na jari, ma'aikaci ya dubi kwamfuta ya ce masa, "Baba, ai ana bin ka bashi," alhali kuwa ko dai bai taɓa cin bashin nan ba, ko ya ci ya biya tun tuni. Sai ya sunkuyar da kai, ya hau mota ya komo gida, ko matarsa ba zai gaya wa ba. Mu dai a wannan shafi muna cewa shirun nan kuskure ne babba, lokaci kuma ya yi da za mu daina kiransa haƙuri.

Littafin da ake rubuta sunayenmu a ciki

A zamanin iyayenmu bashi magana ce ta mutum biyu da shaidunsu. Wanda ya ranci damin gero da bazara ya san da kaka zai mayar, in kuwa gardama ta taso mai unguwa yana nan, maƙwabta suna nan. Yau shaidar ta koma cikin kwamfuta a Legas. A shekarar 2009 Babban Bankin Nijeriya, wato CBN, ya ba kamfanoni uku izinin tattara tarihin bashin jama'a. Su ne CRC Credit Bureau, da CreditRegistry, da FirstCentral wanda a da ake kira XDS. Bankuna manya, da ƙananan bankunan nan na talakawa, da wasu masu ba da rance ta waya suna aika musu labarin duk wanda ya karɓi rance: nawa ya karɓa, yaushe, nawa ya biya, kwana nawa ya makara. Da aka fito da lambar BVN a shekarar 2014 sai aka samu igiyar ɗaure dukan asusun mutum wuri guda. Babban Banki kuma ya umarci bankuna su duba rahoton mutum a wurin aƙalla biyu daga cikin kamfanonin nan kafin su ba shi rance.

Abin da ya kamata mu gane shi ne, kamfanonin nan ba su taɓa ganinmu ba. Abin da mai ba da rance ya aika musu shi suke rubutawa. In ma'aikaci ya yi kuskuren lamba ɗaya, ko ya manta bai aika cewa an gama biya ba, haka kuskuren zai zauna a kan sunan mutum, duk bankin da ya je shi za a karanta masa.

Kada wani ya ce ai na'ura ba ta kuskure. A Amurka, inda kowane gida yake da lamba, kusan kowa kuma yake da takardar haihuwa, hukumar tarayya mai kula da harkar ciniki ta fitar da sakamakon wani bincike a shekarar 2013, inda ta samu cewa mutum ɗaya cikin biyar yana da kuskure a rahoton bashinsa. To in ruwa ya ci gwani, ina ga ɗan koyo? Ina ga mu da adireshinmu shi ne "bayan makarantar firamare"?

Ta ina kuskuren yake shigowa?

Na farko, ta wajen suna. Mu mutane ne masu suna fiye da ɗaya. Akwai sunan da aka raɗa wa mutum a gida, akwai sunan rana, akwai wanda ya karɓa lokacin baftisma, akwai kuma wanda malamin firamare ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Katin zaɓe ya ce Audu, katin ɗan ƙasa ya ce Abdu, banki ya ce Abdullahi. Da yawa daga cikin dattawanmu ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, sai mai cike fom ya sa musu 1 ga Janairu ya wuce. A gunduma guda ana iya samun mutum goma masu suna ɗaya, sunan uba ɗaya, ranar haihuwa ɗaya. Lambar BVN ta rage wannan ruɗani, amma ba ta gyara tsofaffin bayanan da aka shigar kafin zuwanta ba, ba ta kuma hana hannu ya zame a kan madannin kwamfuta.

Na biyu, rancen ƙungiya. A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a Jihar Kebbi, daga nan ya bazu jihohin Arewa. Tsarinsa shi ne manoma su haɗu ƙungiya-ƙungiya, kowa ya tsaya wa ɗan'uwansa, a ba su iri da taki da magani, su biya da amfanin gona bayan girbi. A irin wannan tsari hannu yana da yawa tsakanin manomi da banki. Mutum zai iya kai buhunansa cif, amma in wanda ya karɓa bai rubuta ba, ko ya rubuta bai kai ba, littafin banki bai san da zamansu ba. Wani kuma sunansa ne kawai ya shiga jerin, taki bai iso hannunsa ba, bashin kuwa ya iso.

Na uku, ragowar da ba a sani ba. Mutum ya biya uwar kuɗi ya ɗauka shi ke nan, ashe akwai 'yan canji na kuɗin ruwa da suka rage. Ba a kira shi ba, ba a rubuto masa ba, sai ƙaramin abu ya yi ta haihuwa har a sa shi a layin waɗanda suka ƙi biya.

Na huɗu, kuma shi ya fi ciwo, miƙa lambar BVN ga kowa da kowa. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, an buɗe rance ta bankin NIRSAL Microfinance domin magidanta da masu ƙananan sana'o'i. Mutane da yawa a ƙasar nan sun ɗauka kyautar gwamnati ce, alhali rance ne. A irin wannan lokaci ne masu cike wa mutane fom suke yawaita, ana ba su BVN da lambar waya, wani har lambar sirri da aka turo masa yake karanta musu. Wanda ya riƙe waɗannan yana iya neman rance da sunanka ko kana gona ba ka sani ba.

Na biyar, tsayawa. Ɗan'uwa ya kawo takarda bayan sujada ya ce, "Sa min hannu nan kawai." Ka sa don kunya. Wannan sa hannun yana iya fitowa a rahotonka, in shi bai biya ba kai za a nema. Wannan kam ba kuskuren banki ba ne. Amma in an rubuta ka tsaya wa wanda ba ka taɓa sa masa hannu ba, ko an bar sunanka bayan shi ya gama biya, wannan abin ƙalubalanta ne.

Uzurorin da muke ji

Akwai masu cewa, "Ni ba na cin bashin banki, me ya dame ni?" Muna amsa musu cewa ai wanda bai taɓa ci ba shi ya fi cancanta ya duba, domin duk abin da ya gani a kan sunansa ya san na ƙarya ne. Ban da haka, tun daga 1 ga Agusta 2020 Babban Banki ya fara aiki da wani tsari da ake kira GSI, wanda ya ba banki dama ya bi lambar BVN ya ciri kuɗin rancen da ba a biya ba daga asusun mutum da ke wasu bankuna, bisa yardar da mai karɓar rance yake sa wa hannu. To wanda aka karɓi rance da lambarsa fa? Yana iya sayar da gyaɗarsa ko riɗinsa, kuɗi su shiga asusu da safe, da yamma ya ji alat na fita. Kuɗin makarantar yara ke nan, kuɗin asibiti ke nan. Ƙa'idar tsarin ta tanadi a mayar da kuɗin da aka cira bisa kuskure, har da tara a kan bankin da ya yi kuskuren, amma wa zai mayar wa wanda bai buɗe baki ba?

Akwai masu cewa, "Wane ne talaka da zai ja da banki?" Wannan magana ta tsufa. A ƙarshen watan Mayu na 2017 Farfesa Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sa hannu a kan dokar rahoton bashi ta ƙasa. Dokar nan ta ba kowane mutum 'yancin karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, ta ba shi 'yancin ƙalubalantar abin da ba daidai ba, ta kuma ɗora wa masu aika bayani nauyin tabbatar da gaskiyar abin da suke aikawa. A watan Yuni na 2023 aka ƙara da dokar kare bayanan jama'a, wadda ita ma ta ba mutum ikon neman a gyara bayanin ƙarya da wani yake riƙe da shi a kansa. Mai neman gyara haƙƙinsa yake nema, bai kamata ya shiga ofis yana rawar jiki kamar mai roƙon alfarma ba.

Akwai kuma uzurin da ya fi zama namu: "Mu 'yan tsiraru ne a nan, gara mu lallaɓa, kada a ce muna da tsaurin ido." Mun san inda wannan tsoro ya samo asali, ba ma kuma raina shi. Amma a wannan magana bai da gurbi. Takardar ƙorafi ba ta tambayar inda mutum yake sujada. Maƙwabcinmu Musulmi da muke haɗa iyakar gona da shi, layi ɗaya muke bi da shi a wurin mai POS, ƙungiyar taki ɗaya muke shiga, kuskure iri ɗaya yake faɗa masa. In akwai abin da ya kamata mu tashi tare da shi mu nema, wannan ne.

Game da haƙuri kuwa, haƙuri abu ne mai kyau a kan fari da ƙwari da abin da ya fi ƙarfin mutum. Amma a rubuta ƙarya a kan sunanka, a ba ka hanyar gyarawa, ka naɗe hannu, wannan ka taya ƙaryar zama ne. Cutar kuma ba a kanka kaɗai za ta tsaya ba. In kana cikin ƙungiya, sunanka ɗaya yana iya riƙe rancen sauran. Wanda kuma ya ci kuɗi da lambarka ya ga ba a ce komai ba, gobe gidan gwauruwar da ke kusa da kai zai nufa.

Yadda ake dubawa

A nemi rahoton daga kamfanonin nan uku duka, domin ba lallai ne mai ba da rance ya aika wa dukansu abu ɗaya ba. Kowannensu yana da shafi a intanet inda ake nema da lambar BVN da shaidar mutum. In ya zo, a zauna da wanda ya iya Turanci kuma aka amince da shi, a bi layi-layi. A fara da suna, da ranar haihuwa, da lambar waya, da lambar BVN: duka naka ne? Sai a dubi kowane rance: ka san bankin nan? Adadin kuɗin daidai ne? Ranar karɓa fa? Wanda ka gama biya an nuna an rufe shi, ko har yanzu yana buɗe? An rubuta rance ɗaya sau biyu? An ce ka makara a watan da kake da rasit? A dubi inda ake rubuta waɗanda ka tsaya wa. A ƙarshe a dubi jerin waɗanda suka nemi ganin rahotonka. In ka ga sunan mai ba da rance da ba ka taɓa zuwa wurinsa ba, alama ce wani yana yawo da lambarka.

Yadda ake ƙalubalanta

Magana ta baki a gaban kanta ba ta isa ba. Ma'aikaci zai ce, "Za mu duba," ka juya baya ya manta. A rubuta takarda. A sa suna, da lambar BVN, da lambar asusun rancen kamar yadda ta fito a rahoton, a faɗi kuskuren a taƙaice, a faɗi abin da ake so a yi: a cire, ko a gyara adadi, ko a nuna an biya. A haɗa da kwafin shaida, rasit ne, ko takardar shige da ficen kuɗi ta asusu, ko saƙon alat, ko takardar karɓar amfanin gona. Ta asali ta zauna a gida, kwafi ake bayarwa.

A kai wa bankin da ya aika bayanin, a kuma aika wa kamfanin da ya fitar da rahoton, a nemi ya sa alama cewa ana gardama a kan wannan bashi har a gama bincike. A banki a tabbata an buga wa kwafinka hatimi da kwanan wata, a kuma karɓi lambar ƙorafi. Kada a fito ba tare da ita ba, ko da za a makara motar komawa. Dokar 2017 ta ba da kwana 10 na aiki a bincika a ba da amsa. In ba a warware ba, magana ta wuce zuwa Babban Banki, wanda yake da sashe na musamman na kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna, yana kuma da reshe a Kano. In can ma ba a gamsu ba, ƙofar kotu a buɗe take. In mai ba da rance ta waya ne yake tura wa 'yan'uwa da abokai saƙon cin mutunci, ana kai ƙararsa hukumar kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC. In kuwa da lambarka aka ci bashi, a kai rahoto ga 'yan sanda a karɓi takarda a haɗa da ƙorafin.

In an ce an gyara, kada a ɗauka a baki. Bayan 'yan makonni a sake neman rahoton a gani da ido. Duk wanda kuma ya gama biyan rance daga yau, ya nemi banki ya ba shi takardar shaidar cewa ba a bin sa komai, ya ajiye ta inda yake ajiye takardar gona.

Ga bankuna da hukuma

Ba za mu ɗora wa talaka laifin duka ba. Ina amfanin 'yancin da aka rubuta da Turanci, aka ajiye a intanet, ga manomin da wayarsa 'yar ƙarama ce ta kira kawai? Lokacin raba rance ana zuwa har ƙauye, ana magana da Hausa tsantsa, ana dangwala wa mutane yatsa a kan takardar da ba a karanta musu ba. Lokacin gyara kuskure kuwa sai a ce mutum ya biya kuɗin mota zuwa Gaya ko Wudil ko Dutse ko Kano, ya ɓata yini guda a tsakiyar damina, a ce ya dawo mako mai zuwa. Wanda ya yi kuskuren yana zaune a cikin sanyin ofis, wanda aka yi wa shi ne yake biyan kuɗin gyara. Wannan ba adalci ba ne.

Muna kira ga Babban Banki ya tilasta a riƙa tura wa mutum saƙo a waya, da harshen da yake ji, kafin a aika sunansa a matsayin wanda ya ƙi biya. Muna kira ga kamfanonin nan uku su fitar da bayani da fom ɗin ƙorafi da Hausa, su kuma shiga gidajen rediyon Kano su yi wa jama'a bayani. Muna kira ga duk shugaban ƙungiyar manoma ya riƙa ba da rasit a kan kowane buhu da ya karɓa, da sa hannunsa da kwanan wata. Shugaban da yake jin haushi in an nemi rasit, jama'a su yi hattara da shi.

Ga kanmu

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka mun ba shi mafaka. Wanda ya ci bashi da gaske ya biya. Maganar "kuɗin gwamnati ne, rabonmu ne" ba ta dace da bakin mai gaskiya ba, ita ce kuma take sa in mai gaskiya ya zo da kuka a ƙi sauraronsa. Wanda ya kasa biya saboda damina ta ƙi, ya je ya zauna da bankin a sake tsara masa biya, wannan ya fi ɓuya. A kuma guji masu cewa a ba su kuɗi su "wanke" suna a kwamfuta. Bayanin da yake gaskiya ba ya gogewa da cin hanci, wanda yake ƙarya kuma doka ta ba ka hanyar gyara shi da kanka. Mai wankin nan kuɗinka zai ci, ya ƙara da riƙe lambarka.

Muna roƙon fastoci da dattawan ikilisiya da shugabannin Zumuntar Mata da na matasa su ɗauki wannan a matsayin hidima. A keɓe rana guda bayan girbi, kafin a fara rubuta sunaye na rancen damina mai zuwa. A zaɓi matasa biyu ko uku masu riƙon amana da suka iya waya su taimaki dattawa da gwauraye neman rahotonsu. Mai lamba ya kasance a wurin da kansa, kada a tara BVN ɗin jama'a a cikin littafi, kada kuma abin da aka gani a rahoton wani ya zama hirar bakin rijiya. A gayyaci maƙwabta su ma su zo. In an samu mutum biyar masu kuskure iri ɗaya daga banki ɗaya, kowa ya rubuta takardarsa, su shiga mota ɗaya su tafi tare, domin ba a sallamar mutum biyar da "za mu duba" kamar yadda ake sallamar mutum ɗaya.

Yawancinmu ba mu da takardar fili da banki zai karɓa jingina. Sunanmu shi ne jinginarmu, da shi muke karɓar taki, da shi 'ya'yanmu za su nemi jari gobe. Kowa ya nemi rahotonsa na wannan shekara, kyauta ne. Allah ya ba mu hikima da ƙarfin zuciya. Amin.